Ummi, Wannan Tafiyar Taku ta Kwana a Mota

Yakasai, cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan mahaifiyata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Nura. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe, ya raba ku da sharrin ƙarfe da na mutum, amin.

Na san za ki yi mamaki, don daga Yakasai zuwa Ƙofar Na'isa ba nisan rubuta wasiƙa ba ne. To amma duk sanda kika zo muka fara zancen tafiyar nan, sai ki ciro waya ki hau nuna mini hotuna, ni kuma abin da na shirya faɗa ya watse. Zuwanki na ƙarshe ma sai da kika fita zaure na lura ban ce komai ba ban da "to, to". Shi ya sa yau na ture allura da zare gefe, na ɗauki biro.

Bari in fara da gaskiya. Na amince da tafiyar, na sa albarka, kuma ba zan janye ba. Amma har yanzu ban gane abin da za ku je yi ba.

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a majalisa, sai Baba Modu, abokin tafiyata na da, ya dube ni ya ce, "Garba, na ji Ummi da mijinta za su hau Mambila, daga can su gangara har bakin teku. Fatauci ne?"

Na ce, "A'a."

"Biki ake yi a can?"

"Ba su da kowa a can."

"To ofis ne ya tura su?"

"Hutu ma za su ɗauka."

Wani daga gefe ya tambayi inda za ku dinga sauka. Na ce a mota za ku dinga kwana. Can sai Modu ya matso, ya sassauta murya ya ce, "Gaya mini tsakani da Allah, ko an tashe su daga gidan haya ne?"

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce abu ne na zamani, sunansa obalandin, mutanen kirki ne suke yi. Suka ce in yi musu bayani. Ashe na tashi ina kare abin da ni kaina ban san ko mene ne ba.

Alhali kuwa Malam Nura ya zaunar da ni ya yi mini bayani, Allah ya yi masa albarka, bai gaji da ni ba. Ya ce idan mutum ya fita bayan gari da safe, ya gasa nama ya dawo da yamma, wannan shaƙatawa ce. Idan ya kutsa mota cikin taɓo da gangan don ya gwada ƙarfinta, wannan wasa ne. Idan ya yi doguwar tafiya yana sauka a otal, wannan tafiya ce kawai. Naku kuwa, motar ce ɗaki, ita ce madafa, ita ce rijiya, ba ku dogara da kowa ba, kuma hanyar ce kanta abin da aka fito nema.

Na ce, "To ai direbobin manyan motoci haka suke yi. A ƙarƙashin mota suke kwana."

Ya ce, "Baba, su aiki suke."

Na ce, "Ni da Modu fa? Mun yi shekaru muna kai huluna da manyan riguna Yola, har mu ƙetara zuwa Garwa da Gaundare a Kamaru, a cikin a-kori-kura muke kwana, mu dafa abincinmu."

Ya yi murmushi ya ce, "Kun kusa, Baba. Amma ku kasuwa kuka je."

Sai na ce ashe abin niyya ne, kamar ibada. Mota ɗaya, hanya ɗaya, tukunya ɗaya, wannan sunansa fatauci, wancan sunansa obalandin. Na ɗauka na gane ke nan. Da na dawo gida kuma sai abin ya sake rikice mini. Domin akwai tafiye-tafiyen da tun kafin mu tashi na san babu wata riba a cikinsu, da na zauna a shago da na fi samu, amma da Modu ya ce "mu je", sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. To waɗannan fa, mene ne sunansu? Ban sani ba. Na bar ki da wannan.

Abin da na sani shi ne wautar da na tafka a hanya, kuma ita zan ba ki, don ita kaɗai ce jarin da nake da shi a wannan fanni.

A tafiyarmu ta farko ni na ɗaura kaya. Ban da dilolin huluna, na ɗora katifa, na ɗora babbar tukunyar ƙarfe, da kujera mai naɗewa, da buhun gawayi, har da keken ɗinkina, wai ko za a samu aiki a hanya. Modu ya zagaya motar ya ce, "Garba, ƙaura za mu yi?" Na ce masa mai hankali shi ne mai tanadi. Motar ta durƙusa ta baya, gabanta ya ɗaga, amma ban kula ba. Mun wuce Bauchi da kaɗan muka faɗa wani rami, sai ji muka yi ƙas! Sifirin ɗin baya ya karye. Na yini a gindin bishiya ina gadin kaya, Modu ya hau motar haya neman bakanike. A wani gida a ƙauyen muka bar katifar da kujerar da gawayin. Keken kuwa na ƙi rabuwa da shi, ya je Yola ya dawo Kano ban ko buɗe murfinsa ba.

Ummi, na ga tulin kayan da kuka jibge a falo. Na ga ƙaramin firji, na ga wata na'ura ta dafa gahawa, na ga buhun roba mai tiyo wanda kika ce na wanka ne, da fitilu kala-kala. Ban san wanne ne dole ba, wanne ne kwalliya, don rabinsu ban taɓa ganin irinsu ba. Amma ki yi wannan. Ki ɗaga kowane abu ki tambayi kanki, idan babu shi me zai same mu? In amsar ita ce "ba za mu ji daɗi ba", ajiye shi. In amsar ita ce "za mu tsaya a daji", ɗauke shi. Mai nauyi ya zauna ƙasa, a tsakiyar mota, a ɗaure shi tamau. Abin da za a nema da gaggawa, kamar magani da tocila da abin kashe gobara, kada a binne shi a ƙarƙashin shinkafa.

Ga shi yanzu na ce ki rage kaya, kuma zan ce ki ƙara. Ki yi haƙuri, haka kaina yake a kwanakin nan. Safayar taya biyu, ba ɗaya ba. Shebur, igiya mai kauri, famfon iska. Da guntun katako mai faɗi. Kada ki raina katakon nan. Mun taɓa yin faci a wuri mai laka, na kafa jak ina ta murzawa, ina mamakin yadda motar ta ƙi tashi, ashe jak ɗin ne yake nutsewa. Da hannu muka tono shi. Tun daga ranar ban sake fita babu katako ba.

Sai ruwa. A nan ne na fi jin kunyar kaina. Akwai wata jarka a gida da ake zuba kananzir, babba mai kyau. Na wanke ta da sabulu, na shanya, na shinshina na ji babu komai, na cika ta da ruwa. Ita kaɗai muka ɗauka. Da rana ta gasa ta a bayan mota, sai kananzir ɗin da robar ta sha ya dawo. Shayi kananzir, taliya kananzir, in ka yi gyatsa kananzir. Modu ya ce kada wanda ya ƙyasta ashana kusa da bakinsa. Dariya muka yi da farko. Da muka shiga wani dogon daji babu gari babu rijiya, cikina ya fara murɗawa, ga ƙishi, ga ruwa a gabanmu ba ya shayuwa, dariyar ta ƙare. A lagireto muka ƙarar da shi.

Saboda haka jarkar ruwan sha ta zama sabuwa, kuma kada ta yi kama da ta mai, ko a launi. Kada ku zuba ruwanku duka a mazubi ɗaya, ku raba, in ɗaya ta fashe ɗaya tana nan. Duk inda kuka samu ruwa mai kyau ku cika, ko da saura. In ruwa ya yi ƙaranci, na sha ne gaba, addini ya ba ku taimama, ya ba ku ƙasaru, ku karɓi sauƙin da Allah ya yi muku. Ki ɗauki maganin zazzaɓi, da gishiri da sukari saboda gudawa. Shi kuwa firjin, na tambayi kaina ya fi a ƙirga, me za a sa a ciki? Mu da garin kunu da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa muka yi yawonmu. Amma Nura ya ce yana da nasa batir daban, ba zai shanye na mota ba. To, wannan ban san shi ba, ba zan yi gardama a kai ba. Ku dai tabbatar, don motar da ta ƙi tashi a daji ba a tura ta da ruwan sanyi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran, ki karanta ta sau biyu.

Wata rana bayan mun wuce Yola, rana ta kusa faɗuwa, muka hangi wasu manyan bishiyoyi a gefen burtali, wuri shararre mai kyau. Akwai ƙauye a gaba kaɗan. Modu ya ce mu ƙarasa mu yi sallama da mai garin. Ni na ce a'a, na gaji, in muka shiga za a tsare mu da gaishe-gaishe, ai daji na Allah ne. Muka sauka, muka yi magariba, na kunna risho. Ban ji takun kowa ba. Ɗaga kan da zan yi sai na ga mutane sun kewaye mu, wasu da kwari da baka, wasu da sanduna, ɗaya da bindigar toka ya saita ta daidai ƙirjin Modu. Ashe a makon an kore musu shanu, kuma da irin motarmu aka ga ɓarayin.

Suna magana da Fulatanci, mu ba ma ji. Modu ne ya ɗaga hannu yana cewa, "Huluna! Huluna muke sayarwa!" Aka tasa mu gaba har ƙofar gidan Jauro, wato mai garin. Aka kwance dilolinmu ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Dattijon ya ɗauki wata hula, ya juya ta, ya tambaya da Hausa wa ya ɗinka. Na ce ni ne. Ya sa aka kawo allura da zare ya ce in yi ya gani. Ummi, ban taɓa ɗinki mai muni kamar na ranar ba, amma ya isa ya gane hannun mai sana'a ne. Ya sallami mutanensa. Sannan ya ce, "Da kun yi sallama, da a nan ƙofar za ku kwana, da tuwonku."

Wancan lokacin ma ke nan, da ake cewa hanya lafiya. Yanzu kin fi ni sanin labaran da ake ji. Don haka ina roƙonku, ba shawara ba ce, roƙo ne. Kafin la'asar ta yi sanyi ku san inda za ku kwana. Kada ku tuƙa bayan magariba ko da garin da kuke nufi yana gaban hancinku. Duk inda za ku sauka ku nemi mai garin, ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne, inda ya nuna nan za ku tsaya. In mutanen wuri suka ce kada ku bi wata hanya, ku juya, ko taswirar wayarku ta ce mene ne. Na ji kina cewa daɗin abin shi ne kwana inda babu kowa, daga ku sai taurari. Wannan ne wurin da na fi rikicewa. Nura ya ce ba ku dogara da kowa ba, ni kuma duk tafiyar da na yi, mutane ne suka fisshe ni. In neman izinin mai gari zai sa a ce tafiyarku ta tashi daga obalandin, to ta tashi, a sa mata wani sunan.

Kuma kada ku saka hoton inda kuke a waya sai kun bar wurin. Wannan ba daga ni ba ne, yayanki ne ya ce in gaya miki, na ga kuma yana da gaskiya.

Mamanki ba ta ce miki komai ba, na sani. Ni take gaya wa. Da ta gan ni da biro ta ce, "Malam, ka rubuta mata kada ta je." Na ce ba zan rubuta ba, matar aure ce tare da mijinta, kuma ba saɓo za su ba. Ta koma madafa. Tun jiya take daka yaji, tana soya dambun nama, ta cika robobi. Ki zo ki karɓa da kanki, ki zauna da ita, kada ki nuna mata hoto ko ɗaya. In nauyi ya yi yawa, a bar na'urar gahawa, a ɗauki robobinta. Duk inda waya ta kama ku kira ta, ita tukuna, sannan ni.

Saura maganar makwanci. Na taɓa sayen tanti a gwanjo, ɗan kore, a naɗe cikin jakarsa. Mai kayan ya rantse komai na ciki. Ban buɗe ba, na jefa a mota ina taƙama. Sai ranar da hadari ya haɗo mana a hanyar Gaundare, iska tana kaɗawa, na zazzage jakar, babu sanda ko ɗaya, babu turaku, yadi ne zalla. A zaune muka kwana a gaban mota, gwiwa a ƙirji, ruwa yana ɗiga ta gefen gilashi. Modu bai yi mini magana ba sai da muka yi sallar asuba. Saboda haka duk abin da kuka saya, ku gwada shi a tsakar gida. Ku kunna abin girkin, ku dafa shinkafa a kai ku ci. Ku cire taya ku mayar, ke ma da hannunki, ba Nura kaɗai ba, domin in shi ne ya kwanta ciwo fa? Bargo mai kauri kuma dole ne, an ce sanyin Mambila ba irin namu ba ne.

Wannan tunanin ne ya hana ni zama jiya. Bayan azahar, na san kina wurin aiki, na hau a-daidaita na tafi gidanku, na ce wa Nura ya nuna mini tantin da za ku kwana a ciki, in ga sandunansa da idona. Ya ce, "Baba, ba shi da sanduna irin waɗancan. A saman mota yake." Na ɗauka zolaya ce. Ya kwance wasu maɗaurai, ya ja tsani, sai ga ɗaki ya buɗe a kan rufin mota, har da katifa da taga mai ragar sauro.

Na ce sai na hau. Ya ce, "Baba, gwiwarka." Na ce ya riƙe tsanin kawai. Na tattare babbar riga na hau, da ƙyar, ina bismilla a kowace matakala.

Ga abin da na gano, ki riƙe. Tsanin yana da santsi, kada ki hau shi da doguwar riga tana jan ƙasa ko da silifa. Motar tana rangaji in mutum ya juya, kuma nauyin nan a sama zai sa ta karkata a kwana, don haka a sassauta gudu. In ba a wuri mai daidai aka tsaya ba, za ku kwana kuna gangarowa kan juna. Takalmi a hau da shi sama, kada a bar wa kunama. Kuma in an buɗe shi ba a iya tayar da mota a gudu sai an naɗe, wannan bai kwanta mini ba ko kaɗan, na gaya wa Nura ya koyi naɗe shi da sauri, ya yi ta maimaitawa.

Bayan na gama bincikena sai na ce bari in ɗan kishingiɗa in ji ko katifar tana da kirki. Ta tagar ina hango saman katangarku, da kan bishiyar dogon yaro ta maƙwabta, da tattabarun wani suna kewaya. Shekaruna duka a birnin nan, ban taɓa ganin unguwar daga wannan tsayin ba. Iska tana shigowa ta ragar. Ummi, barci ya ɗauke ni. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni, na leƙo na ga Nura zaune a ƙasa a inuwar mota, bai tashe ni ba, bai kuma tafi ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, sai da ya tallafe ni. Da ƙafata ta taɓa ƙasa, ina gyara hula, sai na ji bakina ya ce, "Malam Nura, wai motar nan mutum nawa take ɗauka?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya, ya ce, "Baba, akwai wuri."

Na ce masa tambaya kawai na yi. Har na iso gida ina tunanin abin da ya sa na yi ta. Kada ki gaya wa Mamanki.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanku, ya sassauta muku tudu da gangare. Ya tsare gabanku da bayanku, da damanku da hagunku. Na ba wa Allah ajiyar ku, ku biyun. Ku je, ku gani, ku dawo mana da ƙafafunku.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba mai ɗinki.